A bar wa matuƙi ikon kashe tiransfonda

Malam Edita, barka da aiki. Tun ɓatan jirgin Malesiya MH370 a 2014 nake jin mutane suna ta surutu wai don me matuƙi zai iya kashe tiransfonda, abin ya ishe ni wallahi. Na'urar nan ta cikin jirgi ita ke amsa wa rada, wato na'urar hango jirage daga ƙasa, masu kula da zirga-zirgar jirage su ba ka lamba huɗu, kowacce daga 0 zuwa 7, ka danna, shikenan sun ga jirginka da tsayinsa a allo. In rediyon jirgi ya mutu 7600 za ka danna, fashi 7500, matsalar gaggawa 7700. To in wayar tiransfonda ta fara hayaƙi a sararin sama fa, matuƙi ya zauna yana kallo? Ai dole ya iya yanke mata wuta.

Naku, mai karatu