A Tuna da Albert Jacka na Ostareliya

Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani sojan Ostareliya, Albert Jacka, tunda kowace 25 ga Afrilu ƙasar na tunawa da sojojinta da suka sauka Galifoli, a Turkiyya, cikin 1915.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya Jacka ma'aikacin gandun daji ne a jihar Biktoriya. A daren 19 ga Mayu 1915, Turkawa suka kutsa wani sashe na ramin da bataliyarsa ta 14 ke tsarewa. Ya zagaya ta baya shi kaɗai, ya faɗa musu, ya kashe bakwai, ya ƙwato wurin. Shi ne ɗan Ostareliya na farko da ya samu lambar Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma ta Birtaniya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne na Faransa, a Pozières, cikin Agusta 1916. Jamusawa sun tasa ƙeyar 'yan'uwansa sojoji fursunoni, sai ya afka musu da mutum bakwai kacal. Fursunonin suka juya suka kama faɗa, shi kuwa ya sha harsasai. Lambar Military Cross, ƙasa da Victoria Cross, aka ba shi, wadda a ganina ta yi masa kaɗan. An ce bakinsa bai iya yi wa manya shiru ba, to ka san sauran.

Ya zama magajin garin St Kilda, a yankin Melbourne, a 1930, yana fafutukar marasa aikin yi. Ya rasu a Janairun 1932 yana ɗan shekara 39.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya