Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Masu Tarin Fuka

Assalamu alaikum. Kwamitin da aka ɗora wa gyaran ɗakin jiran masu tarin fuka a asibitin garinmu yana sanar da duk waɗanda suka ba da gudummawa cewa aiki ya kammala, an kuma miƙa makulli ga shugaban asibiti.

Abin da likitoci suka nema shi ne fitilun UV, masu hasken da ke lalata ƙwayar cuta a iska. Ba mu amince ba sai da muka bincika. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin shawarwarinta na hana yaɗuwar tarin fuka a asibitoci. A Lima ta ƙasar Peru kuwa, binciken da aka buga a 2009 ya nuna ɓerayen Masar da aka shaƙa wa iskar ɗakin marasa lafiya sun rage kamuwa da kusan kashi 70 cikin 100 idan fitilun suna kunne.

Sayen fitilu shi ne mafi sauƙi. Ginin ne ya ci kuɗi. Hasken nan yana ƙona ido da fata kamar wutar walda, don haka dole a kafa fitila sama da mita 2, haskenta ya tsaya can sama da kawunan mutane. Tsohon silin ɗinmu gajere ne, sai da kafintoci suka cire shi, magina suka ƙara wa bango tsawo. Aka sa fankoki, domin idan iskar da majiyyaci ya yi tari a cikinta ba ta hau sama ba, fitila ado ce kawai. Wasu sun ce a toshe tagogi tunda ga fitila. Mun ƙi, ƙara musu faɗi ma muka yi. Aka haɗa ɗakin da sola, saboda halin wutarmu kowa ya san shi.

Sauran aiki yana hannun ma'aikata. Ƙurar hunturu tana dusashe fitila, sai an riƙa gogewa, kuma a kashe ta kafin a hau tsani. Ƙwan fitilar yana rauni bayan kamar shekara guda ko da yana ba da shuɗin haske, mun ajiye na canji a sito. Ƙwan da ya mutu kada a jefa shi bola, akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsa.

Takardun kuɗi suna wurin ma'aji ga mai son dubawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.