Ɗana mai galahanga: mu fara horon ABA ko mu dakata?

Assalamu alaikum Malama,

Da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Ina cikin masu bin shirinki ta intanet daga nan Makka, kuma na lura ba kya wasa da lamarin yara, shi ya sa na kawo miki kukana.

Ɗana na biyu ya shiga shekara ta huɗu, har yanzu bakinsa bai buɗe ba, sai 'yan kalmomi da yake maimaitawa ba a kan gaɓa ba. In kin kira sunansa ba zai waiwayo ba, amma a motsa ledar biskit a kicin, sai ga shi. In yana son ruwa sai ya kama hannuna ya ja ni har gaban firji, ya ɗora hannun a kan marfin, ko kallona ba zai yi ba. Babban aikinsa jera murafen robobin ruwa a layi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaya ya tayar da rigima. Harami kuwa mun daina shiga da shi in akwai cunkoso, don toshe kunne yake yi yana ihu. An gwada jinsa, lafiya lau. Daga baya aka tura mu wajen ƙwararru a Jidda, suka duba shi, suka ce tawahhud ne, wato galahanga, wanda ake kira autism da Turanci. Likitar ta kwantar mini da hankali, ta ce ba tarbiyyata ce ta jawo ba, ba kuma allurar rigakafi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Sannan ta rubuta mana a fara masa horon gyaran ɗabi'a da ake kira ABA tun yana ƙarami, tare da koyon magana.

Mun sami wani markaz, wato cibiyar horo, a Jidda, suka bar ni na zauna na kalli jalsar gwaji, wato zaman horon na gwaji. Ƙaramin tebur ne da kujeru biyu. Malamar ta ajiye kofi da cokali, ta ce masa da Larabci ya ba ta kofi. Bai motsa ba, sai ta kama hannunsa ta ɗora a kan kofin, nan take ta yaba masa, ta hura masa kumfar sabulu, abin da yake mutuwar so. Ta sake, ta sake, tana rage taimakon a hankali, tana yin alama a takarda duk lokacin da ya yi daidai. Kafin a tashi ya miƙa mata kofin da kansa. Wallahi Malama, sai da na yi hawaye. Shugabar wurin ta yi mini bayani cewa tsarin ya samo asali ne daga binciken wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B. F. Skinner: a duba abin da ya faru kafin yaro ya yi wani hali, da halin kansa, da abin da ya biyo baya, sannan a gutsuttsura abin da ake son koya masa ƙanana-ƙanana, a riƙa ba shi lada. Har ta ce ihun da yake yi ma magana ce, in an ba shi wata hanyar neman abu, kamar miƙa katin hoto, zai rage.

Abu na farko da ya tsaye mana shi ne yawan awanni. Sun ce a kawo shi kwana biyar a mako, awanni da dama kullum. Da na tambayi dalili, sai aka ambata mini binciken Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wanda ya fito a 1987, inda yara 19 suka sami horon awa 40 a mako, 9 daga cikinsu suka iya karatu a aji ɗaya da sauran yara. To amma yara 19 ai ba su da yawa, kuma sauran 10 fa? Maigidana direba ne a kamfanin jigilar alhazai, kuɗin da suka yanka mana na wata ya kusa cinye albashinsa, ga kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ga haya, ga 'yan'uwa a Kano da ke sa ran aike. Tsakanin Makka da Jidda kuma tafiyar kusan awa guda ce a mota, in azumi ko aikin Hajji ya zo ba ma ganinsa a gida sai tsakar dare. Abin da za mu iya ɗauka jalsa biyu ko uku ne a mako. Shi yana ganin in ba za a yi shi cikakke ba, asarar kuɗi ce kawai. Ni kuma ina ganin da babu gara ba daɗi, musamman in za su koya mini in ci gaba da shi a gida.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani abu da na gani a jalsar. Ɗana in ya yi murna yakan riƙa kaɗa hannayensa kamar zai tashi sama. Da ya sami kumfar nan ya fara kaɗawa, sai malamar ta danne hannayen a kan tebur, a hankali dai, ba da mugunta ba, sannan ta tallabo haɓarsa ta ce ya dube ta. Na ga yadda ya takure jikinsa, murnar ta gushe daga fuskarsa. Daga baya na karanta cewa akwai manya masu galahanga a Amurka da Ingila da aka yi wa wannan horo suna yara, suna cewa an koya musu ɓoye yadda suke ne don su faranta wa mutane, kuma kallon ido na dole yana takura musu ƙwarai. Na kuma ga cewa a farkon lamarin, shi kansa Lovaas ya yi amfani da tsawa da mari, ko da yake masu yin aikin yanzu suna cewa an bar wannan tuntuni. Ni abin da nake so ɗana ya iya cewa yana jin yunwa, ya iya zuwa banɗaki da kansa, ya daina fita titi da gudu in an buɗe ƙofa. Kaɗa hannu bai taɓa cutar da kowa ba. Shin ina da hurumin in ce musu ga abin da za a koya masa, ga abin da za a ƙyale shi da shi, ko kuwa zai zama na yi wa masana katsalandan?

Sai maganar harshe. Malamar ta ce mu daina yi masa Hausa a gida gaba ɗaya, mu tsaya a kan Larabci don kada ya rikice. Surukata, wadda muke zaune tare, Larabcinta bai wuce na salla da na cefane ba, kuma ita ce yake yarda ta goya shi, ita ke masa waƙar da ke sa shi barci. In muka bi wannan shawara, an raba shi da kakarsa ke nan, kuma ranar da muka koma gida Najeriya ya zama baƙo a cikin danginsa. Likitar da ta fara duba shi kuwa cewa ta yi bincike bai nuna jin harsuna biyu yana ƙara wa irin waɗannan yara jinkirin magana ba. Na rasa ta wa zan ɗauka.

Ita dai Inna, surukar tawa, tun farko ta ce iska ce ko kambun baka, tana ta tofi da ruwan Zamzam. Ban hana ta ba, addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, kuma ta yarda a haɗa da na asibiti. Maƙwabta ne dai ke damuna da cewa ɗan wane ma sai da ya shekara biyar ya yi magana, in bar shi kawai.

Don Allah Malama, in da hali ki gayyato likitan yara ko wani masanin wannan horo a shirinki. Ina so in san ko 'yan awannin da za mu iya biya za su yi amfani, da irin tambayoyin da ya kamata in yi wa markaz kafin in sa hannu a takarda: takardar shaidar da mai lura da malaman ya kamata ya mallaka, ko za a bar ni in riƙa zama a jalsa, da alamun da zan gani a jikin yaron in san ya kamata in cire shi. Sun ba mu zuwa ƙarshen wata mu ba da amsa, in ba haka ba za su ba wani gurbin.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

'Yar'uwarki,
wata uwa daga Makka