Annabi Amos da olonka biyu da nake awo da su

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani annabi da ba kasafai ake jin sunansa a bakin masu wa'azinmu ba, wato Amos. Ni Kirista ne, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi a ƙasar Ghana tare da 'yan uwa Musulmi, kuma shekara 19 ke nan ina awon masara da gero da wake.

Duk wanda ya taɓa cefane a ƙasar nan ya san olonka, gwangwanin da muke awo da shi. Biyu gare ni a da. Ɗaya ta saye ce, wadda nake tafiya da ita Techiman, an bubbuga gindinta waje don ta ƙara ciki. Ɗayar ta sayarwa ce, an kife ta an tura gindin ciki da guduma. Bambancinsu bai wuce cikin tafi biyu ba. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba, ina ce wa zuciyata ai kasuwa ce.

Wata Laraba da yamma a nazarin Littafi Mai Tsarki, dattijonmu ya buɗe Amos sura 8. Annabin yana magana da 'yan kasuwar da ke ƙagara ranar Asabaci ta wuce su buɗe buhunansu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su yi algus a ma'auni, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar, su sayi matalauci a bakin takalmi. Edita, a daidai lokacin nan ina satar kallon agogo, ina lissafin buhunan da za a sauke mini da asuba. Sai na ji kamar mutumin nan ya leƙa rumfata kafin ya yi magana.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne asalinsa. Makiyayi ne daga Tekowa, wani ƙauye kudu da Baitalami, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Ya yi annabci a zamanin Uzziya sarkin Yahuza da Yerobowam na biyu sarkin Isra'ila, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ƙasa ke cikin wadata, manya na kishingiɗe a gadajen hauren giwa a Samariya. Da ya je Betel, firist Amaziya ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can. Amos ya amsa cewa shi ba annabi ba ne, ba kuma ɗan annabi ba, daga bayan garke Ubangiji ya ɗauko shi. Ana lissafa shi cikin ƙananan annabawa 12 saboda littafinsa gajere ne, sura 9 kacal, amma maganarsa ba ƙarama ba ce.

Washegari wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai ta zo, wadda ta fi shekara goma tana sayen gero a wurina. Ta kwance bakin zanenta tana ƙirga sidi ɗaya-ɗaya, ta ce, "Ɗana, geron bana ba ya auki, kokon ba ya kai ni ƙarfe tara." Na ce, "Iya, ba laifin gero ba ne." Na kifa olonkar na nuna mata gindin. Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa, ba ta zage ni ba, sai ta ce, "To, Allah ya shirye mu." Da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake so in faɗa wa fastocinmu da dattawa cikin ladabi shi ne: muna yawan jin Malakai 3:10 a kan kawo ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, gaskiya ce kuma, ina bayarwa. Amma a Amos sura 5 Allah ya ce ya ƙi bukukuwan mutanen nan, ba zai karɓi hadayunsu ba, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, sai dai adalci ya malalo kamar ruwa, gaskiya kuma kamar rafin da ba ya ƙafewa. Shekaru ina kai ushirin ribar da na tauye daga kokon tsohuwa, ba wanda ya tambaye ni da wane gwangwani na auna. Yesu da kansa ya ce mudun da ka auna da shi, da shi za a auna maka. Maƙwabcina Alhaji ma ya gaya mini akwai sura guda a Alkur'ani da ta yi kashedi ga masu tauye mudu.

Kada a ɗauka fushi kaɗai ke cikin littafin. A ƙarshensa akwai alkawarin ta da rusasshiyar bukkar Dawuda, kuma wannan ayar ce Yakubu, ɗaya daga cikin shugabannin Kiristocin farko, ya kawo a taron Urushalima, cikin Ayyukan Manzanni sura 15, don a buɗe wa sauran al'ummai ƙofa. Da wannan na sami ƙarfin tuba.

Yanzu olonka ɗaya gare ni, da ita nake saye, da ita nake sayarwa. Riba ta ragu, uwargida ta san haka, mun rage wasu abubuwa a gida. Iya mai koko ina ƙara mata tafi biyu a kowane awo har in ga na biya abin da zan iya. Manoman Techiman ne suka tsaya mini a rai, domin da yawansu ban san ƙauyukansu ba balle in mayar musu. Ina roƙon shugabannin kasuwa su riƙa zagayawa suna kifa gwangwanayenmu, su fara da rumfata.

Na gode,
Mai awon hatsi, Aboabo, Kumasi