Gaisuwar Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana. Ina nan lafiya ƙalau, kada ku sa damuwa a rai.

Mun yi Idi a wani zaure cikin Turkawa da Larabawa. Ana shafa fatiha kowa ya ruga aiki, don nan ba a ba da hutun Sallah. Ba yara masu yawon barka da Sallah, ba maƙwabcin da zai aiko da kwano. Wani Baturke ya ba ni alewarsu mai zuma, Allah ya saka masa, amma Inna, raina na kan gwaten accarki. Na san yau tuwon shinkafa da miyar taushe ne a gida, sai dai gwaten nan na washegari, mai yakuwa da gauta, da kike zuba mana da zafinsa muna hura cokali, shi nake ta gani. Gauta kam ko a shagon 'yan Afirka ban samu ba.

Da hutun rana na kunna Ɗan Maraya a waya. Baba, labarinsa da kake ba mu ya dawo mini: Adamu Wayya, haifaffen Bukuru a 1946, uba ya rasu, uwa ta bi shi yana jariri, Sarkin Bukuru ya riƙe shi saboda mahaifinsa makaɗin fadarsa ne. Da kuntigi, gwangwanin kifi da 'yar fata da tsirkiya ɗaya, yaron da bai san ɗumin uwa ba ya zama abin alfaharin Jos. Kuma bai manta da ƙananan mutane ba, har karen mota ya yi wa waƙa. Ni da nake wuni lodin kaya a manyan motoci, wallahi sai na ji da ni yake, hawaye suka zo mini. Na tuna yadda ka yi shiru ranar da aka sanar da rasuwarsa, farkon azumin 2015. Allah ya jiƙansa.

A gaida Kaka da kyau da kyau, a ce mata maigidanta yana nan bai yi mata kishiya ba, kuma tana cikin addu'ata kullum, ta riƙa shan maganin ƙafarta. Gaisuwa ga Gwaggo da Kawu da Yaya da amaryarsa. Auta, goron Sallarka yana wurin Yaya, ka tura mini hoton ɗinkinka. Malam liman da 'yan majalisar ƙofar gida duk ina gaisuwa.

Inna, in an samu mai tahowa, a ɗauro mini acca da busasshiyar yakuwa.

Ɗanku mai kewarku.