A Riƙa Yi Wa Maniyyata Bayanin Tafiyar Kano Zuwa Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi kira ga hukumomin alhazai da masu kai mutane Umara. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar wajen kilomita 3,400 ce, jirgi in ya miƙe kai tsaye awa huɗu da rabi zuwa biyar ya sauka, amma dattijanmu da yawa ba wanda ke zaunar da su ya faɗa musu haka. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, shi kuwa tikiti lokacin can yake rubutawa na sauka, sai ka ga mutum ya lissafa awa bakwai, ya rikice kan lokacin sallah da na shan magani, 'yan gida kuma suna ta kira hankali a tashe.

Sannan tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, dole jirage suka riƙa zagayewa, tafiyar ta ƙara tsawo kuɗin kujera ma ya ƙaru. Ta Sudan ɗin nan fa kakanninmu suka bi a ƙasa wata da watanni, har wasu suka zauna can.

Abin da ya fi damuna harami ne wallahi. Wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda, a cikin jirgi zai ƙetare miƙati, wato iyakar da ake ɗaura harami, to a gaya masa tun wajen bita ya ɗaura kafin ya hau.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano