Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gilbert Houngbo, Darakta Janar na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kan ƙurar da ke fashewa a masana'antu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Sana'ata haɗa bututu da na'urorin zuƙe ƙura a masana'antu, kuma abin da idona ya gani a bakin aiki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya aka kira ni wata masana'antar sarrafa katako, wai fanka ta daina ja. Da na kwance bututun, sai na tarar garin katako ya cika shi kusan rabi, ya danƙare. Na hau tsani na shafa saman ƙarfen da ke riƙe da rufi, yatsana ya nutse cikin ƙura. Ita kuwa babbar na'urar tace ƙurar tana girke a tsakiyar ɗaki, mutane na kai da komowa kewaye da ita, ga mai walda can gefe, tartsatsi na tashi. Kowa sanye da takunkumi. Mai wurin ya nuna mini takardar sufeto da hatimi a kai, komai lafiya. Daren ranar ban runtsa ba.

Katako, sukari, fulawa, roba, alminiyam, duk abin da zai ci wuta, in ya zama gari mai laushi ya tashi a iska cikin rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi kamar albarushi. Na'urar tace ƙura kuwa nan ne muke haɗa su da hannunmu: ga ƙura, ga iska, ga akwatin ƙarfe a rufe. Wuta kaɗai ta rage. Sau da yawa ma ba fashewar farko ke yin mummunar ɓarna ba. Girgizarta ce ke kakkaɓo ƙurar da ta shekara tana kwance a saman ƙarafa da bayan silin, ta biyu ta biyo baya ta rushe ginin a kan mutane. Shi ya sa ƙa'idojin NFPA, ƙungiyar kare gobara ta Amurka, suke ɗaukar ƙurar da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba a matsayin haɗari, muddin ta baibaye wuri mai faɗi.

Haka aka yi a matatar sukari ta Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka, ranar 7 ga Fabrairun 2008. An rufe bel ɗin da ke jigilar sukari da faifan ƙarfe don kada datti ya shiga, ba a tanadi hanyar zuƙe ƙurar da ke taruwa a ciki ba. Masu bincike sun fi zargin wani boris da ya yi zafi. Mutum 14 suka rasu. A Kunshan ta ƙasar Sin, ranar 2 ga Agustan 2014, ƙurar alminiyam ce ta tashi a masana'antar goge ƙafafun mota, daga tsarin zuƙe ƙurar kansa, rayuka 146 suka salwanta. Abin da ke sosa mini rai shi ne an daɗe da sanin wannan haɗari. Tun 1878 injin niƙa fulawa na Washburn da ke birnin Minneapolis a Amurka ya tarwatse, ya kashe mutum 18.

A 2022 ƙungiyarku ta sanya aiki cikin aminci da lafiya cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, kuma na yi murna ƙwarai. Roƙona shi ne a sauko da wannan haƙƙi ƙasa, ya shiga jakar sufeton da ke zagayawa masana'antu. Ku fitar da gajeren jagora kan ƙura mai fashewa, cikin harsunan da ma'aikata ke ji, ku taimaka wa ƙasashe su horar da sufetocinsu a kai.

Ya kamata sufeto ya san cewa wajen gini ya fi dacewa da na'urar tacewa. Ya nemi ƙofar huce fashewa, faifan nan da aka yi shi don ya fara ɓallewa, ya duba ina ta fuskanta, don na taɓa ganin wadda ta kalli hanyar da ma'aikata ke wucewa. Ya tambayi abin da zai toshe bututu in wuta ta tashi, domin in babu shi, ta bututun da ƙura ta fita harshen wuta zai komo kan mai aiki. Ya auna gudun iska: ƙurar katako tana son kimanin mita 20 a daƙiƙa kafin ta daina kwanciya a hanya, kuma duk reshen da aka ƙara ba tare da lissafi ba yana rage wannan gudu. Ya duba wayar da ke sauke lantarkin da gogayya ke haifarwa zuwa ƙasa, ya kuma hana hure ƙura da iskar kwamfuresa. Ƙurar alminiyam kuma ba a gama ta da wata a bututu ɗaya, ba a barin danshi ya same ta, don ruwa na sa ta yi zafi ta fitar da iska mai kama wuta.

Kafin a zana tsarin zuƙe ƙura ma, a wajabta kai samfurin ƙurar ɗakin gwaji. Ƙananan masana'antu ba su da halin wannan su kaɗai, a nan ne taimakon ƙungiyarku zai fi amfani.

Kuma a ba sufeto tsani da tocila, a umarce shi ya hau sama ya shafa da yatsansa kafin ya buga hatimi.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Daga wani mai haɗa na'urorin zuƙe ƙura.